Ayarin Babura Daga Ɗan Kassari

A Ɗan Kassari ƙasar waje ba abin a zo a gani ba ce. Najeriya ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba: daga Dogon Dutsi kaɗai zuwa Yamai kilomita wajen 270 ne, ka ɗora namu a kai, alhali mutum na iya karya kumallo a gida ya yi azahar cikin Najeriya. Iyakar da Faransa da Ingila suka yi ta ja-in-ja a kanta tsakanin 1898 da 1906 ta ratsa ƙasar Arawa ne ta tsakiya, ta bar kawu a Kangiwa, ɗan ƙanwarsa a Matankari. Mun saba ƙetarawa don ci-rani, biki, ta'aziyya, cin kasuwa ko neman magani. Abin da ba mu saba ba shi ne mutum ya zuba mai da kuɗinsa, ya ɗaure jaka a bayan babur, ya ce zai je ƙasar wasu ya ba idonsa abinci kawai ya dawo. Yanzu samari sun fara. Da an kai hatsi rumbu, an sayar da ɗan wake, sanyi ya sauko, sai ka ji ana shirin Argungu kallon su, ko Sakkwato ziyarar Hubbare, masu dogon buri har suna ambaton Kwatano da bakin teku.

Masu ba da shawara kan irin wannan tafiya da taya da birki suke farawa. Ni da mutane zan fara, don babur in ya lalace ana tura shi wurin mai gyara, abokin tafiya kuwa haka za ka yi ta jan sa har ku dawo. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro sun san da haka, shi ya sa ayarinsu yake da madugu guda, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, kowa da aikinsa. Ayarin samarinmu babura shida ne, madugai shida.

Mutum na farko ma dattijo ne, ba ya cikin masu tafiyar. Yana gindin dogon yaro a kan buzu, carbi a hannu, kuma dole ka je ka yi masa sallama.

"Ɗana, mi ka aje can?"

"Baba, kallo dai za mu."

"Rasuwa anka yi?"

"A'a, Baba."

"To biki na? Ko bashi za ka biɗa?"

Da ka ce babu ko ɗaya, sai ya dubi babur, ya dube ka, ya ce Allah shi kyauta. Wannan fa mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Kumashi da Ikko, ya yi dako, ya yi ga-ruwa, ya yi gadi, ya ga teku tun ba a haife ka ba. Amma a wurinsa tafiyar da ba a dawo da buhu ko rediyo ko kuɗin aure ba yawon banza ce. Zai ba ka labarin wani da ya tafi haka nan, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai ka miƙe za ka tafi ya kira ka, ya rage murya: in ka kai Sakkwato ka samo masa man zafi, irin mai jan gwangwani.

Daga nan ƙofar saƙo ta buɗe. Daren tafiya gidanku ya cika. Inna ta kawo ƙullin daddawa da kuka a kai wa ɗiyarta da ke aure "can Najeriya". Wane gari, Inna? "Kai dai in ka shiga ka tambaya, mijinta dogo na, shina saida taya." Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Wata ta kawo zabi biyu da ransu. Wani ya kawo matacciyar waya a gyaro masa, bai kawo kuɗin gyara ba. Kowane ayari kuma yana da mutum guda da bai iya cewa a'a ba. Shi za ka gani da safe babur ɗinsa ya ɓace a ƙarƙashin kaya, tabarma ta gicciye a baya, shi kansa yana zaune a kan tanki. Kaya in sun taru a baya gaban babur sakayau yake yi, kan ya riƙa rawa a hannu, cikin rairayi kuwa sai faɗuwa. Mai nauyi ƙasa ake sa shi, kusa da tsakiya, a raba dama da hagu. Ka gaya masa haka, ya ce to zabin fa?

Wanda ya fi kowa haɗari shi ne Na-san-hanya. Ba wanda ya sa shi, shi ya shiga gaba. Tun ba ku bar gari ba zai ɗaga hannu: "Ku bar gudron ga baƙi. Akwai yanke, awa guda muna ciki." Rabonsa da yanken nan tun zamanin da naira ke da kwarjini, yana yaro, a bayan babur ɗin yayansa mai sumogar fetur, kuma da dare. Alamominsa uku ne: wata kuka, wata rijiya, da wata mai fura. Kukar an sare, rijiyar ta rufta, mai furar jikokinta ake aurarwa. In kun iso mararraba sai ya tsaya ya ƙura wa ƙasa ido, ya ce da can ba a nan take ba. Ga makiyayi can tsaye da sandarsa, amma Na-san-hanya ya gwammace ku kwana a daji da a ji ya yi tambaya. Da la'asar za ku ɓullo wani ƙauye, ku yi sallama cikin ladabin baƙi, ku tambaya ko nan wace ƙasa ce, a ce muku ai Nijar ce, ga ma gonar surukinka can.

Da can abin dariya ne kawai, yanzu ya wuce nan. Dajin iyakar nan, daga Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato har cikin jihar Kabi, ƴan bindigar Lakurawa sun shige shi, kuma a kan babura suke yawo. Babura shida a jere kan hanyar daji, kowa ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, su ne daidai abin da soja ke nema, su ne kuma abin da ɗan bindiga ke kwaɗayi. Hukumomi ba sa wasa da babur: an hana hawansa a jihar Diffa a 2015, an hana a sassan Tilaberi daga farkon 2020, jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato su ma sun taƙaita shi a wasu ƙananan hukumomi a 2021. Irin wannan doka dare ɗaya take sauka, ba ta jiran kowa ya gama hutunsa. Don haka jajibirin tafiya a je wurin jandarma a tambaya, a je tasha a tambayi direbobin da suka shigo ranar, a bi babbar hanya a ƙetara inda hukuma take, Ƙonni zuwa Illela ko Gaya zuwa Kamba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. In bana hanya ba daɗi, Argungu ba inda za ta.

A bakin iyaka mutum biyu ke bayyana, kuma kullum tare suke zuwa. Ɗaya ba shi da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Ka ce masa ina katin ɗan ƙasa, sai ya shafa kumatunsa inda askar Arawa ta taso daga gefen baki har kunne: "Ga karta nan, tun ina jinjiri anka buga mini ita. Wa ke da wadda ta hi ta?" Babur ɗin ma hannu na huɗu ne, kart giris ɗinsa da sunan wani mutumin Damagaram da ba wanda ya taɓa gani. Ɗayan kuwa Mushe ne, malamin lakwal, ɗan hutun makaranta ya fito da shi. Jakarsa ta roba cike take: katin ɗan ƙasa, fasfo, permi, kart giris, asiransi, lase-fase na duwan, katin allurar shawara, kowanne da kwafi uku, har da takardar haihuwa da ta kammala makaranta, ko za a tambaya.

Mushe ne ke da gaskiya, sai dai bai iya riƙe ta ba. Jami'in da ke gabansa Bahaushe ne, wataƙila ma kakarsa ƴar Tibiri ce, amma Mushe da Faransanci zai fara masa. In an ce ya kawo na goro, sai ya gyara tsayuwa ya karanto yarjejeniyar CEDEAO ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga ya yi kwana 90 ba biza. Jami'i ya saurara har ƙarshe, sannan ya tuna masa cewa Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairun 2025. Mushe ya ce ai ƙungiyar da bakinta ta ce za ta ci gaba da karɓar takardunmu, kuma gaskiya ya faɗa. Sai a nuna masa benci a rana ya zauna ya huce, ayari duka na jira. Mai karta a kumatu kuwa tuni ya wuce. Ya ci sa'a mai riƙe da igiyar shingen Bafillace ne, ya ga aska ya ce, "Kai, bawana, ina za ka ba ka nemi izinin ubangidanka ba?" Suka caccaki juna irin na taubasai, aka sauke igiya. Zai yi ta yi wa Mushe dariya har shinge na gaba, inda mai kakin ɗan Kalaba ne, bai iya karatun kumatu ba. Nan za a riƙe babur, nan kuɗin ayari zai ragu, kuma Mushen nan dai shi zai shiga ya yi magana.

A karɓi jakar Mushe, a bar masa wa'azinsa. Allurar shawara sau ɗaya ake yi, tun 2016 katinta ba ya mutuwa, amma sai ta kwana goma a jiki kafin a karɓe shi, don haka ba ranar tafiya ake zuwa likita ba. A je wurin masu asiransi a ce ƙetare za a fita, a karɓi takardar da ke aiki can. Kuma a sani iyaka ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har Maris ɗin 2024. Gadar Gaya da Malanbil kuwa rufewarta a 2023 ta mayar da matafiya ga kwale-kwale, babur ma ɗaukarsa ake yi a aza. Mai mafarkin bakin teku ya fara sanin wannan.

Sai tsohon ɗan kabu-kabu. Ya yi shekaru yana ɗaukar fasinja a Ƙonni, don haka ya ɗauka shi da mutuwa sun yi sulhu. Hular kwano yana da ita, a gwiwar hannu take rataye, in ya hango shinge ya kifa, in ya wuce ya cire, wai tana hana shi shan iska. Madubi ya kwance tun ranar da ya sayi babur. Ba ya iya ganin wani a gabansa, ko limamin gari ne. Yakan riga kowa isa da rabin awa, ya zauna yana shan shayi yana tambaya ko da ƙafa kuka taho. Shi ne kuma mai cewa a yi tafiyar dare, inji ya fi son sanyi. Duk wanda ya san babbar hanyar nan tamu ta Yamai zuwa Damagaram ya san abin da ke kanta da dare: manyan motocin albasar Galmi, bas-bas masu fitilar da ke kashe ido, amalanken shanu ba fitila ba alama, jakin da ya zaɓi tsakiyar kwalta ya yi tunani, da ramin da jiya babu shi. Wannan ba a yi masa doguwar magana. A karɓe makullinsa da magariba, a ba shi da asuba.

Kishiyarsa shi ne Bakanike, wanda bai taɓa buɗe gareji ba amma kunnensa ba ya hutawa. Kuna tafiya lafiya lau sai ya sha gabanka ya ce ka tsaya, ya ji wani abu a injinka. Ya durƙusa, ya kara kunne, ya girgiza kai, ya kwance abin da ke aiki, ya ɗaura, noti guda ya yi saura, ya jefa aljihu ya ce dama ba shi da amfani. Kowane gari sai an tsaya ya gaisa da masu gyara, ya ja su gardama kan Kasea da Boxer wanne ya fi jure rairayi. Yana cin lokaci, yana cin rai. Amma a jakarsa akwai faci da sholisho da famfo, sabon tif, buji, wayar kuloci, sifana da guntuwar sarƙa. Abin da yake nanatawa har ku gaji kuma gaskiya ne: a juye baƙin mai kafin a tashi, a duba sarƙa kowace safiya kada ta yi sako-sako ko ta ɗame, a kaɗe matatar iska don ƙurar hunturu toshe ta take yi, a rage iskar taya kaɗan in za a shiga rairayi a mayar in an hau kwalta, a bar ƙaramin inji ya huta kada a yi ta murɗa shi awa da awanni, man kwalba kuma a tace shi da ƙyalle, don masu ruwa-ruwa ba duka ke tsoron Allah ba. Ranar da ƙaya ta huda taya a inda ba gida gaba ba gida baya, duk wanda ya zage shi da safe Injiniya zai kira shi.

Maganar mai ta kawo mu ga Ma'aji, wanda ba wanda ya naɗa. Shi ya lallashi kowa da cewa fetur a Najeriya kusan kyauta ne. Labarinsa ya tsufa, don tun 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya cire tallafi farashin ya ninka ya sake ninkawa. Ma'aji ba ya sayen komai sai ya juya shi sau biyu, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa dala, yana motsa leɓe yana ƙirga gaɓoɓin yatsu, shayin da aka haɗa masa na hucewa, a ƙarshe ya ce a Dutsi ya fi araha da dala goma, ya fasa. Guzurinsa ƙuli-ƙuli da garin rogo, amma da an kawo tsire hannunsa ne farko a takarda. Lokacin biya kuɗinsa na can ƙasan jaka, jakar na ɗaure, ƙullin kuma na Bakanike ne. "Biya mini, ɗan'uwa, in mun sauka mu yi lissahi." Har yau ba a sauka ba. Maganinsa a yi asusu tun a gida, kowa ya zuba daidai, mai da abinci da masauki duk daga ciki, a damƙa wa wani, ba shi ba. A yi canji kaɗan-kaɗan wurin ƴan canjin Ƙonni ko Illela, a ƙirga a gabansu, a raba kuɗi gida biyu ko uku a jiki. Waɗanda canjin takardun naira ya rutsa da su a farkon 2023 sun ga yadda mai kuɗi ke kwana da yunwa. Can kuma yanzu mai shago tiransifa zai ce ka yi masa, kai ba ka da asusun bankinsu, layin wayarsu ma sai da rajista da takarda. A Benin da Togo sefa ɗaya muke kashewa, can Ma'aji ba shi da lissafin fakewa, sai ya koma kewayawa bayan gida duk lokacin da aka zo biya.

Angon bana ba ya buƙatar dogon bayani. Tun a Ƙonni ya fara cewa jikinsa na ba shi ba lafiya a gida. Kowace tsayawa yana can gefe, waya a sama, yana neman rezo. Kwana biyu zai yi ya juya, kuma da famfon ayari zai tafi.

Mai waya ya fi shi naci. Wannan bai zo ganin ƙasa ba, ya zo ƙasa ta gan shi. Baƙin tabarau, rigar sanyi mai ƙyalli, kowane allon sunan gari sai an tsaya ya jingina. Tun kuna Ɗan Kassari ya sanar wa duniya a Facebook da TikTok ku nawa ne, babura nawa, wace hanya, ƙarfe nawa, abin da ko mahaifiyarka ba ka gaya wa dalla-dalla ba. Bai san akwai abin da ba a ɗauka ba: gada, bariki, shingen soja, matan mutane a bakin rijiya. Wayar da aka karɓe a shinge yini guda take ci kafin ta dawo, in ta dawo. Sai ga ku a Argungu ranar babban su. Bikin nan a 1934 aka faro shi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Ba kowace shekara yake samuwa ba, ya yi wajen shekara goma a kwance kafin a tashe shi a Maris ɗin 2020, don haka mai hankali sai ya tabbatar da rana yake zuba mai. Dubban masunta sun jeru a bakin Matan Fada da homa da gora, mutane sun taho daga uwa duniya don wannan ƴar sa'ar. Aka ba da alama, suka rugo gaba ɗaya, ruwa ya yi baƙi da mutane. Mai waya ya ba kogin baya, yana ɗaukar fuskarsa yana roƙon a danna masa. Sai a gida zai kalli bikin, a wayar wani.

Akwai Ɗan-kishin-ƙasa, wanda ya biya kuɗin mai don ya je ya tabbatar gida ya fi. Furarsu ruwa ce, tuwon shinkafarsu ba ya riƙe ciki, kilishinsu yaji ne kawai, albasarsu ko hawaye ba ta sawa. A filin kokawa zai ce waɗannan ko zagayen farko ba za su wuce ba a gasar takobi da muke yi tun 1975. A gidan tarihin Kanta, mai bayani na nuna kayan yaƙin Kabawa, shi yana gefe yana ba mutane labarin Sarauniya Mangu da yadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu cikin Afrilun 1899. Labarin gaskiya ne, abin alfahari ne kuma. Amma ka tambaye shi ko ya taɓa taka Lugu, wadda ke nan cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, sai ya ce yana nan yana shiri. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi fim a 1986, shi mai babur da mai a tanki bai je ba. Abokin tagwaicinsa shi ne wanda kwana biyar ke isa ya rikiɗe: ya dawo kowa oga ne, yana tambayar tiyar hatsi nawa take a naira, yana mamakin yadda muke rayuwa cikin wannan rairayi.

Mai-dangi-ko'ina da farko ni'ima ne. Illela yana da gwaggo, Sakkwato abokin ubansa, Argungu wanda suka yi allo tare, Kamba surukin maƙwabci. Ba za a biya masauki ba. Abin da bai faɗa ba shi ne kowane gida yini guda yake ci: a gaida tsofaffi ɗaki-ɗaki, a yi ta'aziyyar wanda ya rasu bara, a jira tuwo, gobe kuma suna ne, ba a tafiya a bar suna. Hutun mako guda sai ya ƙare a zaure. Can za ku gane akwai wata ƴar gwaggo da ake son ya gani, ku rakiya kuka yi. Ni wannan ya fi sauran ba ni kunya. Ƙarti shida su sauka gidan talaka ba sanarwa, a yanka musu kazar da ake tattali, su tashi su bar godiya kawai, wannan ba zumunci ba ne. A kira tukuna, a riƙa wani abu a hannu, ko tiyar wake ce ko sukari da shayi, a kwana ɗaya a wuce.

Dattawan bakin hanya suna tuna wani iri da ya ɓace, Anasaran babur. A shekarun 1980, lokacin da tseren Paris-Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ke ratsa Agadas da Tenere, masu yawon kansu ma sukan gangaro ta Tawa da Ƙonni su bi ta ƙofar gidanmu zuwa Yamai. Ƙaton babur, akwatunan ƙarfe dama da hagu, rigar fata cikin zafin da ke sa kaza buɗe baki, fuska ja wur. Ya tsaya ya ɗauki hoton jaki, ya ɗauki hoton rumbu, ya rubuta wani abu a ɗan littafi, yara na biye. Tsofaffi suka yanke hukuncin ko dai korarsa aka yi daga gida, ko wani abu yake nema a ƙarƙashin ƙasa. Tseren ya bar Afirka bayan an soke na 2008, rashin tsaro ya kori sauran, musamman bayan kisan da aka yi a Kure a Agustan 2020. Mun yi masa dariya, amma hularsa tana kansa, ruwansa na tare da shi, ya san nisan gari na gaba, kuma rana na yin ja zai nemi mai gari ya sauka. Baƙar fata ma sun yi irin tafiyarsa. Olabisi Ajala, Bayarabe, ya fara zaga duniya a kan Vespa a 1957. Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a 2022 ya iso Ikko cikin kwana wajen 40, yana tara kuɗin yaƙi da shan inna. Na lura dukansu su kaɗai suka tafi, kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai wanda sai an dawo yake fitowa, ko da yake tare kuka tafi, duk tafiyar ba wanda ya ji bakinsa. Da an shimfiɗa tabarma a fada an ɗora shayi, sai ya karɓe labarin. Kifin da ya ci gasa a 2020 kilo 78 ne, shi nasa da ya gani da idonsa mutum takwas suka kasa ɗagawa, mako mai zuwa kuma sai da aka kawo tirela. Shingen da kuka yi ta roƙo, a bakinsa shi ya daka wa mai kaki tsawa. Faɗuwar da ya yi a rairayi gaban ƴan mata, kura ya kauce wa. Kada ka gyara masa. Ba wanda zai gode maka, kuma labarinsa ne zai sa wasu shida su fara tara kuɗin mai na baɗi.

Da waɗannan shidan nake. Ku ɗauki Bakanike ko da zai tsayar da ku sau goma, ku ɗauki Mushe ku roƙe shi ya yi Hausa a shinge, ku naɗa madugu guda tun a gida. Ku tashi cikin sanyi kafin bazara ta kama, ku bar wa mai gari sunayenku da ranar dawowa. Na-san-hanya kuwa, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ku ce masa an ɗage tafiyar.